Tsufa da Tanadin Gobe ga Masu Lalurar Daun da Iyalansu: Duba ga Ƙasar Gafasa

1.0 Gabatarwa

Yawancin abin da ake faɗa a tarurruka irin wannan game da masu tawayar ƙwaƙwalwa magana ce ta yara: yadda za a gane su da wuri, da yadda za a sa su makaranta, da irin malamin da ya dace ya koyar da su. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin galibinmu malaman makaranta ne, yaro shi ne abin aikinmu. To amma yaron nan ba ya tabbata yaro. Yakan girma, ya yi gemu, ya yi furfura, iyayen da ke ɗawainiya da shi kuma su tsufa su rasu. Manufar wannan takarda ita ce ta duba wannan ɓangare na rayuwa da aka yi shiru a kansa, watau tsufan masu lalurar Daun, da tanadin da ya kamata iyali su yi tun uba yana da rai da lafiya.

Mun ɗora bayaninmu a kan ƙasar Gafasa, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ajingi, a masarautar Gaya, gabashin Jihar Kano. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen wannan ƙaramar hukuma sun haura 170,000. Ƙasa ce ta manoma gero da dawa da gyaɗa da wake, da ɗan kiwo a gida, samari kuma sukan tafi ci-rani bayan an kawar da amfanin gona. Dukiyar gida gona ce da dabba, asibitin ƙwararru yana can birnin Kano, rabon gado kuma bisa mazhabar Malikiyya ake yinsa. Abin da za mu faɗa a kan Gafasa ya shafi Toranke da Balare da Kunkurawa, da sauran karkarar ƙasar Hausa mai irin wannan zama.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne: maganar da aka saba ji a bakin iyaye cewa "ai 'yan'uwansa za su riƙe shi" fata ne nagari, amma ba tanadi ba ne, kuma fiƙihun da muke bi ya ba uba hanyoyin tanadi waɗanda ƙofarsu ke rufewa da zarar ya kwanta ciwon ajali.

2.0 Sunan Lalurar da Asalinta

A gidajen rediyo da jaridu akan ji kalmar "galahanga", sai dai ana jingina ta ga lalurori daban-daban waɗanda asalinsu ba ɗaya ba ne. A ƙauye kuwa sunayen da ake ji su ne dolo, ko gaula, ko wawa, wani lokaci ma a ce ɗan ruwa ne, watau aljanu sun yi wa uwa musaya. Ba mu ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mun bi sunan likitan Ingila John Langdon Down, wanda ya siffanta masu lalurar a rubuce a 1866, muka rubuta shi "Daun" yadda ake furta shi. Siffofin sanannu ne ga duk wanda ya taɓa gani: gajarta, da faɗin fuska, da idanu masu ɗan karkata sama, da laushin jiki a jarirantaka, da jinkirin zama da tafiya da magana.

A 1959 ne aka gano sababin a Faransa, a aikin Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin. A cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu zarurruka ƙanana da ake kira kuromosom, su ke ɗauke da abin da ya gada daga uwa da uba. Guda 46 ne, an jera su biyu-biyu. Mai lalurar Daun yana da 47, domin na 21 ya zo uku maimakon biyu. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga wata na 3, watau Maris, domin masu lalurar, aka fara kiyaye ta a hukumance a 2012. Ke nan ba aikin aljanu ba ne, ba wani abu ne uwa ta ci ba, ba kuma auren zumunci ke kawo ta ba. Akan sami kamar jariri ɗaya mai ita a cikin haihuwa 1,000 a duniya. A Nijeriya, binciken da Adeyokunnu ya yi a Ibadan, aka buga a 1982, ya sami ɗaya a cikin 865.

3.0 Tsufa Biyu a Gida Ɗaya

Abu biyu ne suka haɗu suka haifar da matsalar da muke magana a kai. Na farko, masu lalurar sun daina mutuwa da ƙuruciya kamar da. An kiyasta cewa a Ingila a 1929 tsawon ran mai ita bai wuce shekara 9 ba. A Amurka, tsaka-tsakin shekarun da suke rasuwa ya tashi daga 25 a 1983 zuwa 49 a 1997, yau kuwa a ƙasashe masu ƙarfin asibiti ana maganar shekara 60. Ba lalurar ce ta sake ba, kulawa ce ta sake. Hujja a kan haka ita ce a Amurkar nan, a 1997, adadin ya kai shekara 50 ga farar fata, amma 25 ne kawai ga baƙar fata. Don haka ba za mu ɗauko shekara 60 mu ɗora wa Gafasa ba. Kusan rabin jariran da ake haifa da lalurar suna zuwa da naƙasa a zuciya, aikin tiyatar zuciya kuwa ya fi ƙarfin manomi, da yawa daga cikinsu ba sa wuce ƙuruciya. Amma sauran rabin da zuciyarsu ke lafiya, in sun sami allurar rigakafi da maganin ciwon haƙarƙari da na zazzaɓi a kan kari, ba abin da zai hana su kai shekara 40 ko 50 da yardar Allah.

Na biyu shi ne shekarun uwa. Yiwuwar haihuwar mai lalurar tana ƙaruwa da shekarun mace: kamar ɗaya cikin 1,250 a shekara 25, ɗaya cikin 350 a shekara 35, ɗaya cikin 100 a shekara 40, ɗaya cikin 30 a shekara 45. Yarinya ma tana iya haifarsa, amma a inda mata ke ci gaba da haihuwa har al'ada ta ɗauke, kamar yadda yake a karkararmu, sau da yawa mai lalurar shi ne ɗan auta.

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. A ce uwa ta haife shi tana da shekara 42, uban yana da 55. Ranar da ya cika 30, uwa tana da 72, uba kuwa in yana raye yana da 85. Nan da shekara goma shi kansa zai fara nuna alamun tsufa, domin masu lalurar kan riga tsaransu tsufa. Sai a wayi gari tsohuwa ce ke jinyar tsoho, ita kuma babu mai ɗebo mata ruwa sai shi. Duk wanda ya san irin waɗannan gidaje ya san dogaron ba ta gefe ɗaya yake ba: shi ne ɗan aikenta, shi ke kai mata niƙa, shi ke ɗaure mata awaki. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ma ya faɗi.

4.0 Yadda Tsufa ke Zuwa Musu

Babban abin da ya bambanta tsufansu da na sauran mutane shi ne cutar Alzaima, wadda ita ce mafi yawan abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa. Ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadari mai taruwa a ƙwaƙwalwar masu wannan cuta a kan kuromosom na 21 take. Wanda yake da uku kuwa jikinsa na yin sinadarin fiye da ƙima tun yana yaro. Saboda haka kafin shekara 40 kusan dukkansu wannan abu ya taru musu a ƙwaƙwalwa, ko da alama ba ta fito ba tukuna. An kiyasta cewa kamar kashi 30 cikin 100 na waɗanda ke tsakanin shekara 50 da 59 suna da gigin, waɗanda suka shiga 60 kuwa kamar rabinsu.

Alamun farko ba lalle su zo da mantuwa ba. Sau da yawa canjin hali ne: mai fara'a ya koma shiru, mai son shiga jama'a ya maƙale a ɗaki, wanda ya shekara ashirin yana alwala daidai ya riƙa rikita ta, wanda ke zuwa masallaci shi kaɗai ya ɓace a hanya. Wasu kuma farfaɗiya takan same su a karo na farko bayan sun manyanta.

A nan ne ake yin kurakurai biyu, kuma dukansu masu tsada ne. Kuskure na farko shi ne a ce "ai da ma haka yake", a ƙi lura da cewa ya rasa abin da ya iya a da. Na biyu shi ne a yanke cewa gigin tsufa ne ko taɓin aljanu, alhali wata cuta ce mai magani. Masu lalurar Daun sun fi sauran mutane samun raunin ji, wani lokaci ma dauɗar kunne ce kawai ta toshe, domin ƙofar kunnensu ƙarama ce. Yanar ido tana zuwa musu da wuri. Halittar nan ta wuya da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, takan yi musu rauni, sai mutum ya yi nauyin jiki, ya riƙa jin sanyi da barci da kasala. Gwajin jini ke nuna wannan, maganinsa kuwa ƙwaya ɗaya ce a kullum. Akwai kuma ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda alamarta minshari mai ƙarfi da gyangyaɗi da rana. Ga mata, al'ada takan ɗauke musu da wuri. Sa'an nan akwai baƙin ciki bayan rasuwar uwa ko uba, wanda kan yi kama da gigi ƙwarai. Mutumin da ba ya ji, ba ya gani sosai, ba kuma zai iya bayyana abin da ke damunsa ba, dole a ga kamar ya rikice.

Wata jagorar likitoci da aka buga a Amurka a 2020 ta ba da shawarar a riƙa gwada tayirod duk shekara ɗaya ko biyu tun daga shekara 21, a kuma riƙa duba alamun gigin tsufa kowace shekara tun daga 40. Ga mutumin Gafasa wannan yana nufin tafiya babban asibitin Gaya ko na Wudil, wani lokaci har Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Murtala. Ba mu ce abu ne mai sauƙi ba. Amma akwai abin da ba ya cin ko kwabo: tun yana shekara 30 zuwa 35, a rubuta a takarda abin da ya iya yi da kansa. Yana wanka? Yana sa tufafi? Ya san kuɗi? Ina da ina yake zuwa shi kaɗai? Waɗanne surori ya haddace? Likita ba zai iya gane abin da mutum ya rasa ba sai ya san abin da yake da shi a da, wanda ya san wannan kuwa uwa ce, ita ce kuma ake tsoron rasawa.

5.0 Ranar da Gandu ya Watse

Muddin maigida yana raye, mai lalura yana cin abinci daga rumbun gandu kamar kowa, ba mai lissafa abin da ya ci. Matsala tana farawa ne bayan an yi sadakar arba'in an zauna rabon gado. Gandu ya watse, kowane ɗa ya ja nasa, uwa ta gama takaba ta koma gidan babban ɗanta ko gidan danginta. In gidan na mata biyu ne ko uku, sai maganar 'yan ɗaki da 'yan uba ta taso.

Bari mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar gona eka 8, da mata biyu, da 'ya'ya maza 5 da mata 4, iyayensa kuma sun riga shi. Matan za su raba tumuni, watau eka ɗaya. Sauran eka 7 a kasa su 14, kowane namiji ya sami eka ɗaya, kowace mace rabin eka. Mai lalurar Daun yana da cikakken rabonsa, tawayar hankali ba ta hana gado. Amma eka ɗayan nan, ko rabin eka in mace ce, ita ce za ta ciyar da shi shekara ashirin ko fiye, shi kuwa ba zai iya noma ta shi kaɗai ba, ba zai kuma iya kai ƙara ba in an ci ta. Abin da aka saba yi shi ne a bar ta a hannun babban wa a ce yana "riƙe masa". In mai tsoron Allah ne, madalla. In shekara ta yi wuya ya jinginar da ita, ko ya rasu 'ya'yansa suka tarar da ita cikin gonar ubansu, shi ke nan ta bi ruwa.

5.1 Abin da Fiƙihu ya Ɗora da Wanda Bai Ɗora ba

Akwai mas'aloli biyu na Malikiyya da ya kamata kowane uba mai irin wannan ɗa ya sani, domin sun saɓa da abin da mutane suka ɗauka.

Ta farko ita ce ciyarwa. Wajibi ne uba ya ciyar da ɗansa namiji har ya balaga, in kuwa ya balaga da lalurar da ta hana shi neman na kansa, wajibcin yana nan a kan uba. 'Ya mace kuma har ta tare a gidan miji. Amma ciyarwar dole tsakanin dangi, a wannan mazhaba, ta tsaya ne tsakanin iyaye da 'ya'yan cikinsu. Alƙali ba zai tilasta wa ya ciyar da ƙane ba. Abin da wa ya yi zumunci ne da neman lada, kuma lalle mutanenmu suna yi. Sai dai abin da ke tsaye a kan kirki kaɗai yakan yi rauni in fari ya zo ko iyali suka yi yawa.

Ta biyu ita ce waliccin dukiya. Wanda ba zai iya sarrafa dukiyarsa ba, shari'a ta sa a riƙe masa, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, kamar yadda ya zo a farkon Suratun Nisa'i. Mai riƙon kuwa a Malikiyya uba ne, bayansa sai wasiyyin da uban ya naɗa, in babu sai alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Zama babban wa ko baffa kawai ba ya ba mutum wannan matsayi. Ke nan uban da ya rasu bai naɗa wasiyyi ba ya bar ɗansa a hannun duk wanda ya riga ɗauka, sai fa in wani ya kai maganar kotun shari'a, abin da dangi ke gudu saboda kunya.

5.2 Hanyoyin da ke Buɗe ga Uba

Abin da yawancin iyaye ke tunani shi ne su bar wasiyya cewa a ƙara wa wane gona saboda lalurarsa. Wannan ba ta tsayawa. Ba a yin wasiyyar dukiya ga magaji sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwa, haka nan kyautar da aka yi a kan gadon ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Wasiyyar da ta halatta, wadda kuma ita ce mafi muhimmanci, ita ce ta naɗa wasiyyi: uba ya zaɓi amintacce mai hankali, ya nemi yardarsa, ya faɗa a gaban shaidu. Ba dole ne ya zama babban ɗa ba. Mace ma tana iya zama wasiyyiya, kuma sau da yawa yayar da suke ɗaki ɗaya ta fi kowa sanin halinsa.

Ta fuskar dukiya kuwa, hanyoyi uku ne, dukansu sai uba yana da lafiya. Akwai kyauta. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren ilmi a ƙasar nan, ta nuna an karhanta mutum ya ba wani daga cikin 'ya'yansa dukiyarsa duka, amma ba da wani sashe ya halatta. Sharaɗin kyauta shi ne a karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Da yake ɗan yana ƙarƙashin waliccin uba, uban yana iya karɓa masa, muddin an kafa shaidu, in dai ba gidan da uban ke zaune a ciki ba ne. Akwai hubusi, watau a tsayar da asalin gona ko shago, ba saye ba sayarwa, amfanin ya riƙa tafiya ga wanda aka ambata. Sa'an nan akwai umra, ba ta zuwa Makka ba, wadda ma'anarta a ba mutum amfanin gida ko gona iyakar rayuwarsa, in ya rasu abin ya koma ga mai shi ko magadansa.

A ganinmu umra da hubusi sun fi kyauta dacewa da wannan hali. Dalili kuwa shi ne ba sa ta da ƙurar da kyauta ke tayarwa. 'Yan uba sun san gonar ba ta fita daga gidan ba, aro ne na tsawon rai, shi kuma mai riƙo ba shi da ikon sayarwa. Har wa yau ana iya haɗa wannan da al'adar da muka riga muka sani ta ba da kiwo: a ware masa tumaki ko awaki a hannun wadda za ta kula da shi, a yanka mata rabo sananne daga abin da suka haifa. Kada a ga kamar wannan ya zubar da darajar zumunci. Matar da ke wanke wa ƙanen mijinta tufafi shekara da shekaru ta cancanci a san da ita.

Ko wace hanya aka bi, a rubuta. A yi a gaban mai unguwa da dagaci da liman, da dukkan 'ya'ya manya na kowane ɗaki, a ambaci iyakokin gona da maƙwabtanta, a ajiye kwafi a hannu fiye da ɗaya, in da hali a kai kotun shari'a ta tabbatar. Mun san akwai masu jin cewa yin haka kamar kiran mutuwa ne, ko nuna rashin yarda da 'ya'ya. Amsarmu ita ce shaidu ma mutuwa suke yi, kuma wanda ake yi domin shi ba zai iya tsayawa gaban alƙali ya ce "ga abin da Baba ya faɗa" ba.

6.0 Hannun da Zai Riƙe

Gona ba ta yi wa mutum wanka. Tambayar a ɗakin wa zai kwana ta fi ta dukiya wuya, domin a nan tsarin zamanmu yake shigowa. Namiji baligi ba ya zama cikin sauƙi a gidan mijin 'yar'uwarsa. A gidan wansa kuwa, mai dafa abinci da lura da shi matar wan ce, ita kuwa ba muharramarsa ba ce, ranar da gigi ya kai shi ga buƙatar a kama shi zuwa bayan gida, dole a sami namiji a gida. In wan ɗan ci-rani ne da ke Legas ko Abuja rabin shekara, wa ke nan? Waɗannan tambayoyi ne da ya kamata a yi su a fili, da matar wan a zaune, tun uwa tana da ƙarfi.

Game da 'ya mace, tanadin da aka fi yi shi ne aure, wani lokaci auren sadaka ga dattijo. Ba mu ce aure haramun ne gare ta ba, akwai masu sauƙin lalura da ke son aure suna kuma iya zamansa. Amma a sani mata masu lalurar suna iya ɗaukar ciki, yiwuwar ɗan ya zo da ita kuwa ta kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Auren da aka ɗaura don a sauke nauyi kuma, ga miji wanda ya girme ta da shekara talatin, cikin kishiyoyi, ya fi kusa da ya dawo da ita gida bazawara lokacin da iyayen ba sa nan. In an yi auren ma, tanadin dukiya da wasiyyi bai faɗi ba.

Abu na gaba shi ne lokacin ƙaura. Masu lalurar Daun mutane ne masu riƙo da abin da suka saba: wurin kwana, da kwanon ci, da hanyar masallaci. Mafi munin abin da za a yi musu shi ne a haɗa musu rashin uwa da rashin gida a mako ɗaya. In an san inda zai koma, a fara tun yanzu: ya yini can, ya kwana biyu, ya yi wata a lokacin kaka, har ya zama yana da shimfiɗarsa da aikinsa a can. In gigi ya riga ya fara, canjin wuri yana ƙara rikita shi. A kuma tambaye shi. Yawancinsu tawayarsu mai sauƙi ce ko matsakaiciya, sun san wanda ke sonsu da wanda ke tsawata musu, sau da yawa fiye da yadda manya suka sani.

Haka nan kada a ɓoye masa mutuwa. Akan ce masa "Inna ta yi tafiya" don tausayi, sai ya shekara yana zaune a ƙofar gida yana jira. A faɗa masa da kalmomin da zai gane, a bar shi ya yi mata addu'a, in namiji ne ya bi jana'iza ya ga kabari, ya zauna a karɓi gaisuwa da shi kamar sauran 'ya'ya. Baƙin cikinsa yana iya jinkirta fitowa har watanni, ya zo da ƙin abinci ko fitsarin kwance, kada a ɗauka iskanci ne.

7.0 Hukuma da Makaranta

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu a 2010. An sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, Jihar Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tun 2016, da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Akwai gidan Torrey da aka kafa domin yara masu tawayar ƙwaƙwalwa, da gidan gajiyayyu na Shahuci, dukansu a birni. Gidauniyar masu lalurar Daun da Rose Mordi ta kafa a 2001 a Legas take. Ya kamata wasiyyi ya san waɗannan ƙofofi ya ƙwanƙwasa su. Sai dai akwai giɓi da muke son mahalarta su lura da shi: Manufar Ƙasa a kan Tsofaffi ta 2021 ta ɗauki shekara 60 a matsayin mafarin tsufa, mai lalurar Daun kuwa yana iya zama tsoho tukuf a shekara 48. Duk tallafin da aka ɗaure da shekaru zai tsallake shi, ya wuce na yara, bai kai na tsofaffi ba.

Mu da ke kwalejojin ilmi muna da namu rabon. Tun Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 aka shigar da ilmin musamman cikin tsari, amma darasin da muke ba ɗalibanmu yakan tsaya ne inda firamare ta tsaya. A ƙauye kamar Gafasa, malamin firamare da ma'aikacin ɗakin shan magani su ne ake kai wa takarda su karanta ko su rubuta. Muna ba da shawarar a ƙara wa kwas ɗin ilmin musamman darasi biyu ko uku a kan balagar masu lalurar da tsufansu, a gayyato malamin fiƙihu daga sashen nazarin addinin Musulunci ya koyar da babin wasiyyi da kyauta da hubusi da umra, a kuma sa kowane ɗalibi ya gwada rubuta takardun nan biyu da Hausa, boko da ajami: takardar abin da mutum ya iya, da takardar naɗa wasiyyi.